Basir: kwalbar mai lasifika, farmasi, gyaran ciki ko wuƙar likita, wanne za ka ɗauka?

Shekarata 19 bisa keken ɗinki nan Maradi, kuma kowa ya san aikin tela zama ne, tun safe har isha'i, in sallah ta matso kuwa har asuba. Basir ya kama ni wajen shekara shidda da sunka wuce, kuma wlh ba kalar maganin da ban ɗura ma cikina ba kafin in gane inda gizo ke saƙa. Abin da ya sa nake rubutun nan, kwanaki wani yaro ɗan kabu-kabu da ke kai mani kaya babbar kasuwa ya tsaya bakin shago shina ta sosa ƙeya, da ƙyar ya buɗe baki ya ce "Baba dan Allah wai wane magani ya fi, na kwalba ko na farmasi, ko dai in je a yanke kawai in huta?" Na tura mashi benci na ce zauna mu yi magana, ya ce a'a Baba na fi son tsayuwa. Nan na gane abin ya kai inda ya kai.

Tambayar tashi ba ta amsuwa haka nan kai tsaye, sbd mu nan kalmar basir buhu ce, kome zubawa muke ciki. Ciwon baya basir, kumburin ciki basir, kasala basir, mutum ya kasa da iyali a ce ai basir ne ya cinye shi. Likita kuwa in ya ce basir abu guda yake nufi, wasu ƴan matasai ne na jijiyoyin jini da ke bakin dubura, kowa da su anka haife shi, su ke taimakawa ƙofar ta rufe ruf. In yunƙuri ya yi yawa, ko kashi ya cika tauri, ko zawo ya daɗe, ko mace na da ciki, sai su kumbura su saki jiki su zazzago. Akwai na ciki, wanda yawanci bai ciwo sai jini ja jawur bayan ka gama, ko ka ga shina ɗiga, akwai kuma na waje ƙarƙashin fata wanda shi in jini ya daskare cikinshi sai ya zama ƙullutu mai tauri kamar gujiya, ba zama ba tsayuwa. Na cikin likitoci sun kasa shi hawa 4: na ɗaya jini kawai ba ya lekowa, na biyu ya hito lokacin yunƙuri ya koma da kanshi, na ukku sai ka sa yatsa ka maida shi, na huɗu ko ka maida bai zama. Riƙe hawan nan huɗu a kai, don duk zaɓin da za ka yi a kansu yake, maganin da ya warkar da maƙwabcinka mai hawa na ɗaya ba abin da zai yi ma mai hawa na huɗu.

Kuma kafin a je ga magani, akwai cututtukan da ke shiga rigar basir. In ciwon kamar ana yanka ka da reza ne lokacin da kashi ke hita kuma ya ɗauki awowi shina raɗaɗi, galibi tsagewa ce a bakin dubura. In kumburi ne da zazzaɓi da bugawa kamar maruru, ruwa ne ya taru, wannan sai an fasa a asibiti, ba a kwana da shi. Jini da majina da murɗar ciki ƙila atini ne. Wanda ya fi ban tsoro, jini gauraye cikin kashin, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko kana ramewa ba dalili, ko yanayin bayan gidanka ya sake makonni da yawa, balle in ka haura 40, to wannan ba maganar kwalba ba ce, kansar hanji ma tana iya farawa da jini kuma mutane da yawa sun ɓata wata da watanni suna shan maganin basir.

To mu fara da na gargajiya tunda nan kowa ke farawa, ni ma nan na fara. Mota ce ko amalanke da lasifika ranar kasuwa, ana jero maka alamomi har ashirin, kuma dole ɗaya ta dace da kai tunda wa ke da shekara 35 bai taɓa ciwon baya ba? Na sayi kwalba jika biyu, na sha kamar yadda mai ita ya ce, daren nan ban runtsa ba, makewayi har sau bakwai, da na koma na faɗa mashi sai ya washe baki ya ce "Alhamdu lillahi Malam, ai dattin basir ɗin ne ke hita." Ba datti ba ne, zawo ne. Yawancin kwalaben ga abin da ke aiki cikinsu mai sa zawo ne irin filasko, wani a ƙara kanwa, kuma gsky filasko magani ne na haƙiƙa, danginshi ne senna da ke cikin wasu ƙwayoyin farmasi, bambancin shi ne can an auna nan kuwa ba wanda ya san yawan da ke cikin kofi guda. Ciki ya saki kwana biyu ka ji sakayau ka ce magani ya yi, sati na zagayowa kashin ya dawo da taurinshi, kuma zawon kanshi ya ƙara kumbura wurin.

Amma ba zan yi ma gargajiya kuɗin goro ba. Zama cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi da tsohuwarmu ta sa ni yi ya rage mani kumburi da ƙaiƙayi, bagaruwa na da ɗacin nan mai tsuke fata, shi ya sa majema ke aiki da ita. A zauna ciki dai, kar a sha, in ka sha ɗaure ciki take, ka ga an gudu ba a tsira ba. Man kaɗanya mai tsabta a shafa daga waje shina sanyaya wurin. Jiƙon tsamiya na sassauta ciki a hankali ba tashin hankali. Waɗannan ba tsada ba haɗari. Inda nake ja da ƙarfi shi ne masu cewa za su cire tsiro a gida, ko su ɗaure da zare, ko su shafa wani abu mai ci kamar wuta, ko a ƙona. Wurin nan kullum ƙazanta na bi ta kai, in ya ruɓe ko jini ya ɓalle ba abin da mai zaren zai iya, kuma in ƙunar ta warke tabon na iya tsuke ƙofar har kashi ya riƙa hita siriri da azaba, gyaran wannan ya fi aikin basir ɗin kanshi wuya. Haka masu zama bisa turirin ruwan zahi ko garwashi, ruwa mai ɗumi anka ce, wanda gwiwar hannunka za ta jure.

Sai farmasi. Nan abin da za a miƙo maka kala ukku ne, na shafawa, na cusawa da muke ce ma sufo, da ƙwaya. Titanoréïne ita ta fi yawo wajenmu, akwai mai lidokayin da ke kashe zahin wurin na ɗan lokaci, Anusol kuma ta Najeriya take shigowa. Suna aiki? Suna yi, ƙaiƙayi da raɗaɗi su lafa ka samu ka yi barci. Suna maida tsiron da ya riga ya zazzago? Ko kusa. Kuma duk wanda ke da kortizon ciki, wato sinadarin rage kumburi, kar ya wuce kwana 7, in ka maida shi man shafawa na kullum fatar wurin sirancewa take ta riƙa tsagewa. Wani abu da ba mai faɗa maka, sufo narkewa yake cikin zahin garin nan, ni na taɓa barin kwali aljihun riga watan Afrilu na tarar ya zama miya, ka aje shi firigo ko gindin randa.

Ƙwayar kuwa Daflon ce, ta kamfanin Servier na Faransa, aikinta ƙarfafa jijiyoyin jini, kuma in abin ya taso da jini da kumburi tana taimakawa ya kwanta da wuri. Mai miligiram 500 yadda takardarta ta ce a sha lokacin tasowa shi ne 6 a rana kwana 4, sannan 4 a rana kwana 3, ka lissafa ƙwaya 36 ke nan, kwali mai 30 bai isa ba, kuma ba ta da araha. Masu sayen ƙwaya huɗu wurin mai tire da ya wuni cikin rana da maganinshi, kuɗinsu kawai sunka zubar. Ita ma kwantarwa take ba cirewa ba.

Maganar kashe ciwo fa, nan ne ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi ke halaka kansu. Farasetamol ya isa. Diklofenak da ibufurofen na rage kumburi amma in kana zubar jini ko kana da gyambon ciki ka bar su. Tramol kuwa da duk maganin da ke da kodin, su ne manyan masu ɗaure ciki, hanji kwanciya yake ya daina motsi, sai ka sha don ciwon basir shi kuma ya busar da kashin ya ƙara yage wurin gobe, ka ƙara sha. A ganina abin da ya fi kowane amfani a kantar farmasi shi ne wanda mutane ba su tambaya, wato mai tausasa kashi, Duphalac na ruwa ko Forlax na gari da ake kaɗawa. Ba su aiki nan take, sai kwana ɗaya zuwa biyu, Duphalac kuma na sa tusa da ƙugin ciki da farko, amma ba su murɗa ka kamar filasko. Mata masu ciki, ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku wurin awo na iya ɗaure ciki, kar ku bar sha da kanku, ku faɗa ma sajfam, wato ungozomar asibiti, kuma basir ɗin ciki yawanci shina lafawa bayan haihuwa. Kwalbar kasuwa kam mai ciki kar ta kusance ta.

Yanzu zaɓin da ba mai so, don ba a sayar da shi cikin kwalba kuma ba ya da lasifika: gyaran ciki. Ni likitan da ya duba ni ya ce hawa na biyu nake, ya rubuta ordonans gajeriya, wato takardar magani, sannan ya ce "Malam tela, me kake ci tun safe?" Na ce burodi da shayi, rana shinkafa da mai da tonka ko taliya, dare tuwo in na samu, in aiki ya yi yawa tsire. Ya ce ruwa fa? Na yi shiru, don in ban da shayi ƙaramin kofi sau ukku ban tuna na sha wani abin kirki ba. Ya ce babba na bukatar giram 25 zuwa 30 a rana na abin da suke ce ma fibar, wato ɓangaren abinci da ciki bai narkarwa, irin dusa da ganye da ɓawon wake, shi ke riƙe ruwa cikin kashi ya sa shi laushi ya wuce ba yunƙuri. Abin haushi duk muna da shi nan kuma shi ne abincin da muka raina. Kofi guda na dafaffen wake kaɗai ya haura giram 10. Kwaɗon zogale da ƙuli, dambu da zogale, rama, tafasa, yakuwa, miyar kuka, kuɓewa, lalo, kabeji da salati da karoti da ke shigowa daga Jiratawa da lambunan bakin Gulbi lokacin ɗari, gwaba, mangwaro, gwanda, dabino, garin ƴaƴan kuka cikin hura. Hatsi ma in ba a surfe shi ya yi fari tas ba, dusar nan da muke ba tumaki ita ce maganin. Ka ƙara a hankali dai, in ka tashi rana guda ka cika ciki da wake mutanen shago za su kore ka.

Ruwa kuma lita 2 ne ƙasa, ledar piyawata mai rabin lita guda huɗu ke nan, watan Afrilu da Mayu da zahi ke haura digiri 40 kuwa sai ka ƙara sosai, balle mai wuni bisa moto. Da azumi ka raba shi tsakanin buɗa baki da sahur, kar ka ɗura gaba ɗaya. Tonka ba ita ke kawo basir ba kamar yadda ake cewa, amma in wurin ya riga ya yi rauni to za ka ji ta wurin hita, ka rage lokacin da abin ya taso. Sai ɗabi'ar makewayi, in ya matsa ka tahi, kar ka ce bari in gama wuyan rigar nan, in ka shiga kuma kar ka wuce minti biyar, ka bar salula waje, wlh zaman kallon TikTok bisa masai ya fi tonka ɓarna. Abu biyu muka ci riba, tsugunno ya fi zaman kujerar bature sauƙin hitar kashi, kuma buta ta fi takarda, sai dai a bar dirza da cusa sabulu. Zaman ruwan ɗumi cikin roba minti 10 zuwa 15, sau biyu ko ukku a rana, musamman bayan an zaga. Ni kuma duk awa sai in tashi daga keke in taka zuwa bakin titi in dawo.

Aibin wannan hanya guda ne, jinkiri. Ba kwana ukku ba ne, ni sai da na yi wajen wata da rabi kafin jinin ya ɗauke gaba ɗaya, kuma duk sallar da na koma burodi da tsire sai ya leƙo ya gaishe ni. Amma ga hawa na ɗaya da na biyu, mafi yawa nan abin ke tsayawa.

In ka yi wannan tsakani da Allah wata biyu jini bai tsaya ba, ko kana hawa na biyu mai naci ko na ukku, akwai tsaka-tsaki da mutanenmu ba su sani ba, ɗaurin roba. Wani likitan Amurka mai suna Barron ya yaɗa shi a 1963. Da ƴar na'ura ake saƙala ƙaramar roba a gindin basir na ciki, can sama inda ba jijiyar jin ciwo, jini ya daina zuwa mashi, cikin kamar sati ya bushe ya faɗi ba ka ma sani ba. Mintoci ne, ba a sa ka barci, ka koma gida ranar, sai ɗan nauyi kamar kana jin kashi kwana ɗaya ko biyu. Kar wani ya ce ai shi ne ɗaurin zaren mai gargajiya, shi mai zare na waje yake kamawa inda fata ke da rai, ba ya ganin ciki. Roba ba ta yi ma na waje, wani sai an maimaita sau biyu ko ukku, shina iya dawowa bayan shekaru, kuma in kana shan asfirin ko maganin tsinka jini ka faɗa tun kafin. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, sai ka tambayi likitan fiɗa ko likitan ciki. Akwai kuma allurar da ake yi ma basir ɗin ya ƙanƙance, ita ta fi dacewa da ƙanana masu jini.

Sai wuƙa. Yayana manomi ne, shi nashi ya kai hawa na huɗu, shekaru shina fama, wando kullum da jini har idonshi ya yi fari fat shina haki in ya ɗauki buhu, da anka auna anka ce jininshi ya yi ƙasa sosai. Shi kam ba zogalen da zai maida abin da ya riga ya zauna waje. Aikin da anka yi mashi irin wanda likitoci biyu Milligan da Morgan sunka fito da shi a Landan ne a 1937, har yau shi anka fi yi, allura a baya ƙasan jiki ya mutu, a yanke ƙullutan a bar ciwon buɗe ya warke da kanshi. Ba zan ɓoye maku ba, satin farko ya sha wuya, daren farko fitsari ma da ƙyar, kashin farko kuwa na ji shina kiran sunan tsohuwarmu daga makewayi. Na ce "Yaya ko dai mun yi kuskure?" ya ce "bar ni dai ƙane." Ruwan ɗumi, mai tausasa kashi, maganin ciwo, sati biyu ya fara zama daidai, ciwon bai rufe duka ba sai wajen sati shidda. Yau shekara ukku ko ɗigo. Cikin duk hanyoyin nan aiki ne ya fi ciwo, ya fi cin kuɗi, kuma shi ne wanda basir ya fi wuyar dawowa bayanshi. Akwai na wata na'ura mai ɗinkewa daga ciki da Longo ɗan Italiya ya kawo a 1998, ciwonshi kaɗan ne amma ya fi saurin dawowa kuma ya fi tsada.

Tsoron da ake ba mutane wai in an yanke ba ka ƙara haihuwa ko ka rasa ƙarfin namiji, ba hanyar da ta haɗa su, matar yayana ta haihu bara. Shi kanshi raunin mazakutar da ake jingina ma basir, gara a auna suga da hawan jini. Rashin riƙe iska ko tsukewar ƙofa na iya faruwa amma ba kasafai ba a hannun likitan fiɗa na gaske, kuma muna da su nan manyan asibitocin Maradi, CHR da Opital Referans, ba sai an tahi Yamai ko Katsina ba. Lokaci kawai za ka zaɓa da hankali, manomi ya bari sai bayan kaka, tela kar ya yarda a ba shi randebu cikin azumi, ɗan kabu-kabu ya san makonni zai yi bai hau moto ba, ya tanadi na cefane tukuna.

Ƙullutun waje mai tasowa dare ɗaya shi nashi lissafin daban ne, in ka isa asibiti cikin kwana ukku na farko ana iya kashe wurin da allura a tsaga a cire gudan jinin ka samu sauƙi nan take, in ya wuce haka ciwon ya riga ya fara sauka, sai ruwan ɗumi da farasetamol da haƙuri, ƙullutun ya sace a hankali cikin makonni.

Yaron nan dai na ce mashi ba zan zaɓa maka ba sai an duba, ka tahi CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ka cire kunya, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ga irin naka ya fi ɗari. Ya yi kwana tara bai leƙo ba har na ce ko ya ji haushi. Shekaranjiya sai ga shi, wai ashe ba ma basir ba ne, tsagewa ce, an ba shi na shafawa da Duphalac, kuma majo ya titsiye shi sai da ya amsa cewa shina shan tramol biyu kullum kafin ya hau moto. Na ce to ka bari? Ya ce "Baba ina dai ragewa." Ya ja bencin nan ya zauna, a karkace dai, ya ce a zuba mashi shayi, na ce a fara miƙo mashi ruwa.